Shirin aurenmu a coci, daga Oktoba zuwa Mayu

12 ga Oktoba, 2024

Yau muka je ofishin faris, wato cocin Katolika na yankinmu, ni da wanda zan aura, karon farko kenan da muka zauna gaban Fada a matsayin masu shirin aure. Nace bari in riƙa rubuta yadda abin ke tafiya saboda ƙanwata da ƙawayena biyu da suke biye da ni, kuma don kaina ma, saboda kan ya cika. Mun shiga da ranarmu a hannu, wata Asabar a cikin Janairu, Fada ya saurare mu har muka gama sannan yace 'ya'yana ku ajiye ranar nan tukuna, aƙalla wata shida muke buƙata kafin a kai ku gaban bagadi. Gaskiya raina bai so ba.

Sai ya jefo mana tambaya, wai wa zai ɗaura muku auren? Mukace kai mana Fada. Yace a'a, ku ne. A cocin Katolika na ɓangaren Latin ango da amarya su ne ke ba juna sakramentin, wato tsattsarkar ibadar auren, shi Fada shaida ne a madadin ikilisiya, shi zai tambaya ya karɓi amsa ya sa albarka, amma abin da ke ƙulla auren shi ne yardar da za ta fito daga bakinmu. Shekara nawa ina zuwa ɗaurin aure a coci ban taɓa sanin haka ba. Na dawo gida da maganar tana min yawo a kai, don in dai ni ce zan ƙulla shi da bakina to dole in san me zan faɗa.

26 ga Oktoba

Takardu. Ana son takardar baftisma ta kowannenmu, kuma ba tsohuwar da ke cikin akwatin Mama ba, sabuwa wadda faris ɗin da aka yi maka baftisma ya fitar kwanan nan. Dalili shi ne a littafin baftisma ake rubuta duk abin da ya biyo baya, konfameshon (shafa mai da ke tabbatar da baftisma), aure, ko in mutum ya zama firist ko ya yi alkawarin zaman zuhudu na har abada, to sabuwar takarda ce za ta nuna ko akwai wani ɗauri a kanka. Tawa ta zo cikin sati ɗaya. Tashi har yanzu shiru, an ce ana neman littafin shekarar.

Tawa kuma ta tona abin da na daɗe ina kaucewa, ban yi konfameshon ba. Lokacin da 'yan ajinmu suka yi gidanmu na cikin rikici, aka wuce ni, ni kuma ban koma ba. Dokar coci tace a yi shi kafin aure in dai ba zai jawo wata babbar wahala ba. Na sa suna a ajin manya.

9 ga Nuwamba

Yau aka yi mana tambayoyin bincike, kowa shi kaɗai, shi yana waje ina ciki. Fada ya sa na yi rantsuwa zan faɗi gaskiya sannan ya fara. Kin taɓa aure? Akwai dangantakar jini tsakaninku? A nan ya bayyana min cewa dokar ta hana har zuwa mataki na huɗu, wato 'ya'yan wa da ƙani ba sa auren juna sai da izini na musamman. Akwai wanda ya matsa miki, iyaye ko shi saurayin ko wani hali da kike ciki? Kin san cewa auren nan mutum ɗaya ne da mutum ɗaya, kuma babu saki?

A kan ta ƙarshen nan muryata ta maƙale. Nace na sani Fada. Ya ɗago ya kalle ni yace 'yata sani daban yarda daban, amma ba yau zan matsa miki ba, muna da lokaci. Ya rubuta abin da zai rubuta.

Bari in faɗa a nan tunda shi ne ainihin abin da ke damuna. Iyayena a coci aka ɗaura musu aure, ina da shekara goma sha ɗaya Mama ta kwashe mu muka bar gidan saboda duka, kuma har yau ba ta sake aure ba. Duk lokacin da naji ana cewa har mutuwa ta raba, fuskar Mama nake gani a daren da muka fita. Ina son mutumin nan da zan aura, ban taɓa ganin ya ɗaga wa kowa hannu ba, amma tsoron ba ya jin wannan bayanin.

23 ga Nuwamba

An fara aji, mu bakwai ne ma'aurata masu shiri, duk Asabar da yamma. Katikis, malamin koyarwar coci, shi ne ke buɗewa, sai wani Baba da Mama da suka shekara talatin da ɗoriya da aure su karɓa. Darasin yau ma'anar auren kanta. An karanta Farawa 2:24, mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya, sai Matiyu 19:6 inda Yesu yace abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba, sai Afisawa 5 wadda kowa ya san farkonta game da biyayyar mata amma ba a cika karanta aya ta 25 da ƙarfi ba, inda aka ce wa maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Baban nan ya tsaya a kan ayar ya kalli mazan ajin ɗaya bayan ɗaya, yace ku aka ɗora wa mai nauyin, kada wanda ya karanta rabin shafi ya rufe littafi.

Katikis ya kawo abubuwa uku da Waliyyi Agustin ya lissafa a matsayin alherin aure, 'ya'ya, aminci, da ɗaurin da ba ya kwancewa. Ya kuma ce dokar coci ta yanzu, wadda Paparoma John Paul na biyu ya fitar a 1983, da alkawari ta kira aure a doka ta 1055, kuma ta sa alherin miji da mata kafaɗa da kafaɗa da haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya. Wannan ya min daɗi. Na taso ina jin kamar mace ba ta cika matar aure ba sai ta haihu.

7 ga Disamba

Takardarsa ta iso. Mun samu rana, Asabar 10 ga Mayu 2025. Mun so Maris amma Laraba ta toka, ranar fara azumi, 5 ga Maris ce, Ista kuma 20 ga Afrilu. Fada yace ba a hana aure a lokacin azumi ba, ranar Juma'ar da aka gicciye Yesu da Asabar ɗin da ke biye da ita ne kawai ba a yi sam, sai dai in a azumi ne dole a rage ado da shagali. Muka ce mu jira bayan Ista.

19 ga Janairu, 2025

Bisharar Mas ɗin yau bikin Kana ce, Yohanna sura 2. Na sha jin ta amma yau da kunnen amarya na saurara. Abin da ya tsaya min shi ne ruwan inabin ƙarewa ya yi tun ana tsakiyar biki, tun ranar farko abin da ma'auratan suka tanada bai isa ba, kuma Maryamu ce ta lura kafin su. Tuluna shida na dutse, aka cika su da ruwa fal har baki, aikin bayin kenan, sauran, wato mai da shi ruwan inabi, na Yesu ne ba nasu ba. Shi ya matso ya raɗa min wai kinji, namu cika tulu ne. Ban amsa ba don hawaye na kusa.

1 ga Fabrairu

Aji mafi zafi tunda muka fara, maganar 'ya'ya. Ranar aure za a tambaye mu ko a shirye muke mu karɓi 'ya'ya daga hannun Allah mu rene su bisa koyarwar Almasihu da ikilisiyarsa. Wata a ajin ta tambaya kai tsaye, to in likita ya riga ya ce ba zan haihu ba fa? Katikis yace rashin haihuwa ba ya hana aure kuma ba ya ɓata shi, doka ta 1084 ta faɗa a fili, abin da ke ɓata aure shi ne mutum ya shiga da niyyar ba zai taɓa yarda a haihu ba, ko ya ɓoye wa ɗayan wani babban abu da gangan don ya samu yardarsa. Matar ta sunkuyar da kai, saurayinta ya riƙe hannunta, ajin ya yi tsit.

Daga nan aka shiga tazarar haihuwa, koyarwar da Paparoma Paul na shida ya fitar a 1968, cewa coci ba ta yarda da magungunan hana ɗaukar ciki ba sai bin kwanakin jikin mace. An yi gardama sosai kuma ni ma ina da tambayoyina. Abin da zan ce kawai, Mamar da ke koyar da mu ba ta yi mana ƙaryar cewa abu ne mai sauƙi ba, tace yana buƙatar namiji mai haƙuri da ke sanin lissafin tare da matarsa, in ya bar mata ita kaɗai to ya zama kaya a kanta. Mun yi rajistar wani ajin daban na koyon lissafin, mu biyu.

15 ga Fabrairu

Na koma wurin Fada ni kaɗai na faɗa masa komai game da Mama. Ban taɓa faɗa wa wani firist ba. Nace Fada in babu saki, kenan cocin cewa take Mama ta zauna a kashe ta?

Yace a'a 'yata, ko kaɗan. Ya buɗe doka ta 1153 ya karanta min da kansa, in ɗaya daga cikin ma'aurata ya zama babban haɗari ga rai ko jikin ɗayan ko na 'ya'ya, ko ya mai da zaman ya gagara, ɗayan na da dalilin da doka ta yarda da shi na raba zama. Yace mahaifiyarki ba ta karya alkawari ba, ta tsare rayukanku ne, kuma wanda ya raba zama bai sake aure ba babu abin da ya hana shi karɓar Jikin Almasihu. Na san Mama na karɓa duk Lahadi amma a can cikin raina ina ɗauka kamar alfarma ake mata. Shekara goma sha takwas ina ɗauke da wannan tunanin.

Ya kuma bambance min abin da mutane ke kira sakin Katolika. Yace babu wani abu mai wannan sunan. Kotun coci ba ta kwance aure, abin da take yi shi ne ta bincika ko tun ranar farko auren ya ƙullu, ko an yi tilas, ko yaudara, ko ɗaya bai da hankalin ɗaukar nauyin, in ta gano haka sai ta bayyana cewa dama ba a ƙulla ba, kuma 'ya'yan da aka haifa a ciki 'ya'yan halal ne. Paparoma Francis ya sauƙaƙa hanyar shari'ar a 2015. Amma auren da ya ƙullu tsakanin masu baftisma biyu kuma suka sadu a matsayin miji da mata, babu mai iko a duniya da zai kwance shi, har Paparoman.

Sai yanzu na gane me ya sa aka raba mu ɗaki ranar 9 ga Nuwamba, me ya sa ake ta nanata wa ya matsa miki. Tunda ƙofar ba ta buɗuwa ta baya, dole su tabbatar da ƙafata na shiga. Duk takardun nan da nake ta ƙorafi a kansu yardata suke gadi.

Ban ce tsoron ya tafi ba. Amma da daddare na faɗa wa shi angon duk abin da ban taɓa faɗa masa ba game da daren da muka bar gida, ya yi shiru ya daɗe, sannan yace in kin taɓa jin tsorona ko sau ɗaya ki faɗa wa Fada da Mama a ranar, kada ki rufa min asiri. Na riƙe wannan.

2 ga Maris

Bishop ya zo, an yi mana konfameshon mu goma sha huɗu manya. Man krisma mai tsarki a goshi, ƙamshinsa ya bi ni har dare. Mama ta zauna a layi na biyu.

23 ga Maris

An fara shelar aurenmu a coci, Lahadi uku a jere, a faris ɗina da nasa. Jin cikakken sunana daga bagadi tare da cewa duk wanda ya san dalilin da zai hana auren nan ya zo ya faɗa, sai da cikina ya juya, ko da yake na san babu komai. Katikis ya taɓa gaya mana abin ya daɗe, tun babban taron shugabannin coci na Lateran na huɗu a 1215 aka wajabta shela, sannan taron Trent a 1563 ya ce aure ba ya ƙulluwa sai a gaban firist da shaidu, saboda a da mutane kan yi alkawari a ɓoye su biyu, gobe namijin ya musa ya auri wata, macen ba ta da mai tsaya mata. Har yau ƙa'idar kenan, firist ko dikon (mai muƙamin da ke ƙasa da firist) da aka ba izini, da shaidu biyu. Mun zaɓi namu, yayarsa da wani abokin karatuna da ya san mu tun farkon haɗuwarmu.

5 ga Afrilu

Zaɓen karatu. Kowa 1 Korintiyawa 13 yake ɗauka kuma tana da kyau, mun bar ta a karatu na biyu. Na farko ni na nace sai Tobit sura 8, addu'ar Tobiya da Saratu a daren aurensu. Saratu ta shiga ɗakin nan da tarihi mai ban tsoro a bayanta, maza bakwai da ta aura a baya duk sun mutu, kuma abin da suka fara yi shi ne suka tashi suka yi addu'a, suka roƙi Allah ya ji ƙansu ya bar su su tsufa tare. Mace mai shiga aure da tsoro tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ba a tsawata mata ba. Bishara kuma Kana.

Fada ya ba mu kalmomin alkawarin mu haddace, yace ya fi son mu faɗa da kanmu maimakon mu bi bakinsa. Na ɗauke ka ka zama mijina, na yi alkawarin riƙe maka aminci cikin daɗi da wuya, cikin ciwo da lafiya, in ƙaunace ka in girmama ka duk kwanakin raina. A wasu wuraren har mutuwa ta raba mu ake cewa, ma'anar ɗaya ce, amma ni wannan ta kwanaki ta fi zauna min a baki, don kwana abu ne da na san girmansa, yana zuwa ɗaya bayan ɗaya.

21 ga Afrilu

Paparoma Francis ya rasu yau da safe, washegarin Ista. A aji an karanta mana wani yanki na wasiƙarsa ta 2016 kan iyali, inda ya roƙi masu shirin aure kada gayyata da kaya da shagali su cinye su har su iso ranar a gajiye. Saura kwana goma sha tara, kuma satin nan gaba ɗaya a kan jerin baƙi muka yi ta samun saɓani ni da shi. Mun ajiye jerin yau. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.

3 ga Mayu

Mun je ikirari, wato furta zunubai gaban firist, mu biyu, kowa da layinsa. Na daɗe a ciki. Na kawo maganar Baba, cewa ban yafe masa ba kuma ban san ta inda zan fara ba. Abin da aka faɗa min nawa ne, ba zan rubuta ba. Na aika masa katin gayyata dai, da sanin Mama.

9 ga Mayu

Jiya aka zaɓi sabon Paparoma, Leo na goma sha huɗu. Tun rasuwar Francis ba a ambaton sunan Paparoma a addu'ar Yukaris, babbar addu'ar Mas, gobe a Mas ɗinmu za a ambaci sabon.

An yi gwaji da yamma. Tsarin shi ne bayan bishara da wa'azi sai tambayoyi uku, sai mu haɗa hannun dama mu faɗi alkawari, Fada ya karɓa, a sa wa zobba albarka mu sa wa juna da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Mas ya ci gaba, bayan addu'ar Ubanmu a yi mana albarkar aure muna durƙushe, sannan tarayya, wato karɓar Jikin Almasihu. Sa hannu a littafi daga baya ne kuma ba a kan bagadi ba. A gwajin Fada ya hana mu faɗin kalmomin alkawarin, yace ku bar su sai gobe.

Mama ta shigo ɗakina da dare ta zauna bakin gado. Nace Mama kin taɓa nadamar faɗin naki? Tace na faɗa da gaskiya, kuma da gaskiya na fita da ku, duka biyun a gaban Allah na yi su. Ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a.

17 ga Mayu

Sati ɗaya kenan. Mutane na ta tambaya ko na yi kuka, ban yi ba sai wajen albarkar aure. Da Fada ya tambaya ko mun zo da yardar ranmu ba tare da tilas ba, naji amsar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na zata, har yayarsa ta ce an ji ni a layin baya. Wajen alkawarin na tsaya kaɗan kafin duk kwanakin raina, na ja numfashi, na kalle shi na faɗa. Shi kuma ya manta kalma ɗaya ya koma ya gyara da kansa, Fada bai sa baki ba.

Baba ya zo, ya zauna can baya, ya tafi kafin a fito. Ban san me zan yi da wannan ba tukuna.

Jiya na leƙa ofishin faris karɓar takardar aure, sakatariya ta nuna min wasiƙu biyu da za a aika faris ɗin da aka yi wa kowannenmu baftisma, don a rubuta auren a gefen sunanmu a littafin nan da muka sha wahalar nema a Oktoba. Baba da Maman ajinmu sun ce mu bakwai ɗin mu dawo gidansu Asabar ta farko a Yuni, wai ajin bai ƙare ba, kuma kowa ya zo da saɓanin farko da aka yi bayan biki. Namu mun riga mun yi shi ranar Laraba, a kan wa zai kira Babana.